«Kafe resa»: yadda ake mayar da tsohon babur na tsere a tsakar gida, da abin da ake sadaukarwa

Salon ya taso ne daga wani shagon shayi a Landan fiye da shekaru 60 da suka wuce. Yau hotunansa suna yawo a wayoyin samari daga Damagaram har Yamai. Amma kafin a ɗora zarto a kan tsohon babur ɗin gida, akwai maganar takardu, da gado, da ƙura, da kuma rai.

A gidaje da yawa na Maradi, Damagaram da Tawa akwai wani tsohon babur jingine a zaure ko a bayan madafa. Tayoyinsa sun sace, ƙura ta rufe tankin, kaji sun mai da ƙarƙashinsa wurin kwana. Shi ne ya yi ta kai maigida wurin aiki shekara da shekaru, ya ɗauko buhun hatsi daga kasuwar ƙauye, ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ranar da aka sayi sabo, sai aka jingine shi da niyyar za a gyara, gyaran da har yau bai zo ba. Masu sayen tsohon ƙarfe sun sha taya shi a kilo.

Yanzu wani ido daban ne ke kallonsa. Saurayin gidan ya ga bidiyo a TikTok ko YouTube, inda wani ya ɗauki irin wannan babur, ya tuɓe masa kaya, ya sauke gidon ƙasa, ya ɗora masa siririn sirdi mai ɗan tozo a baya, ya fito da shi kamar na tseren shekarun 1960. Sunan salon «kafe resa». A bidiyo, aikin ba ya wuce minti goma. A tsakar gida kuwa watanni ne, kuma wasu kurakuran ba sa gyaruwa.

Daga shagon shayi a Landan

Labarin ya fara ne a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A gefen wata babbar hanya da ke zagaye arewacin Landan akwai wani shagon shayi da abinci mai suna Ace Cafe, wanda aka buɗe a 1938 domin direbobin manyan motoci. Bam ya rushe shi lokacin yaƙi, aka sake gina shi a 1949. Da yake ba ya rufewa dare da rana, sai ya zama fadar samari ƴan aikin ƙarfi waɗanda suka sayi babura bashi suna biya wata-wata.

Burin waɗannan samari ɗaya ne: babur ya kai gudun mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. Wannan gudu suke kira «ton». Ba su da kuɗin sayen baburan tsere irin na gasar tsibirin Man, wadda aka fara tun 1907, don haka suka shiga kwaikwayonsu da abin da ke hannunsu. Duk abin da ke ƙara nauyi ba ya ƙara gudu, sai a cire shi. A sauke gidon, a mayar da matakan ƙafa baya, mahayi ya kwanta a kan tanki don iska ta wuce ta samansa. Mafi shahara a cikin abin da suka haɗa shi ne Triton: injin Triumph a cikin shasin Norton, domin na farko ya fi ƙarfi, na biyu ya fi zama daram a kwana. Sunan «kafe resa» kansa da farko zolaya ce, ana nufin mai tseren da bai wuce daga wannan shagon shayi zuwa wancan ba.

Akwai ɓangaren labarin da hotuna ba sa nunawa. Samari da yawa sun mutu a kan waɗannan hanyoyi, jaridun lokacin suka yi ta caccakar su. A 1965 Ingila ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyi zuwa mil 70, a 1973 ta wajabta sanya kaske. Shagon Ace ya rufe a 1969, shekarar da Honda ta fito da CB750, babur ɗan Japan da ke yin gudun «ton» tun daga masana'anta ba tare da an taɓa shi ba. An sake buɗe shagon gaba ɗaya a 2001, salon kuma ya dawo, har kamfanoni suka shiga ƙera shi sabo fil, kamar Triumph Thruxton da Royal Enfield Continental GT.

Jakin aiki a cikin rigar doki

Babu Norton a zaurukan Nijar. Abin da ake da shi galibi zuriyar Honda CG 125 ce, ko ita kanta ko ɗaya daga cikin baburan China da suka kwafi injinta. Tarihin wannan babur ya bayyana dalilin da ya sa ya ƙi mutuwa. Injiniyoyin Honda sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka ga yadda ake ɗora wa ƙaramin babur iyali guda da kayansu, ba a canza man inji sai ya yi baƙi ya yi kauri, ba a wanke matatar iska sai ta toshe. Sai suka ƙera inji mai sauƙi wanda zai jure sakaci, suka fito da shi a 1975. An ci gaba da ƙera shi a Brazil, har yanzu kuma ana yin sa a Pakistan.

Siffarsa ta dace da aikin: tanki a tsakanin gwiwoyi, shasi na bututun ƙarfe, ƙafafu masu wayoyi, inji a fili wanda iska ke sanyaya shi. Kayan gyaransa kuma babu garin da ba a samu. Baburan da ake ratsa ƙafa ta tsakiya, irin su Yamaha Mate, ba su da wannan siffa, ba sa karɓar salon.

Sai dai gaskiyar da ya kamata mai sha'awa ya haɗiye tun farko ita ce ta ƙarfi. Triumph Bonneville ta 1959 tana da inji mai girman cc 650 da ƙarfin doki kusan 46. CG tana da cc 124 da ƙarfin doki wajen 11, iyakar gudunta a kusa da kilomita 100 ne idan hanya ta miƙe kuma iska ba ta tare ba. Cire gardabu da sauya salansa ba za su kai ta 160 ba. Abin da za a samu kyan gani ne, da sauƙin nauyi, da daɗin hawa abin da mutum ya haɗa da hannunsa. Wannan bai hana masu ƙananan babura a Indonesiya mayar da abin sana'a ba, har suna da babban bikin baje kolin Kustomfest a birnin Yogyakarta.

Na wa ne babur ɗin?

Tambaya ta farko ba ta makanike ba ce. Idan mahaifi yana raye, babur nasa ne ko da ya shekara goma bai hau ba, kuma abin da saurayi ke gani tsohon ƙarfe, dattijo na iya ganinsa a matsayin abu na farko da ya saya da guminsa. Idan kuma ya rasu ba a raba gado ba, to akwai haƙƙin uwa da ƴan'uwa mata da ƙanne a cikin kowane ƙusa. Yanke shasi yana rage darajar babur a kasuwa, wanda ya yanke kafin a raba ya taɓa dukiyar da ba tasa kaɗai ba. Hanya mafi tsabta ita ce a yi masa kuɗi a gaban magada, mai so ya biya ko a lissafa a kasonsa.

Bayan haka sai takardu. Lambar shasi tana buge a wuyan babur, ita ce kuma ke cikin kart giriz. Wanda ya goge ta da injin gurza ƙarfe ko ya binne ta a ƙarƙashin fenti mai kauri ya jawo wa kansa tsayuwa a hannun ƴan sanda da jandarma, domin babur marar lamba da na sata kamarsu ɗaya. Haka wanda ya sayi tsohon babur da araha ba takardar duwan, ba shaidar ciniki: zai iya kashe kuɗinsa da watanninsa a kan abin da za a karɓe a shingen farko. Allon lamba, fitilar gaba, fitilar birki da madubi suna daga cikin abin da ake yawan cirewa a hotunan intanet don babur ya yi fayau. Waɗancan baburan hoto ne. Wanda zai hau titi yana bukatar su duka.

Inji kafin ado

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa da fenti. Tsarin da ya dace akasin haka ne: babur ya tashi, ya yi tafiya, ya tsaya, sannan a yi maganar kyau.

Babur da ya daɗe a ajiye, man da ya rage a tankinsa ya riga ya lalace ya bar danƙo a karbireta, cikin tankin kuma ya yi tsatsa. Sai an kwance karbireta an wanke ƙananan ramukanta, an zuba ƙananan kusoshi ko tsakuwa a tanki an girgiza an ɗauraye, an sa ƴar matata a bututun mai. A zubar da tsohon man inji a zuba sabo, wanda a CG bai wuce lita 1 ba. A sa sabon buji, a daidaita supap. Idan inji na fitar da shuɗin hayaƙi, yana cin mai ke nan, alamar zoben fistan sun gaji.

Daga nan sai abin da ke riƙe rai: takalmin birki, wayoyin birki da na kuloci, sarƙa da haƙoranta, boris na ƙafafu da na wuya. Taya ma tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka yi ta: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta sha rana shekaru tana taurare ta tsattsage, zanenta na nan amma ba ta kama ƙasa.

Yana da kyau a ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a kwance shi, musamman wayoyin wuta, a kuma zuba kusoshin kowane ɓangare a gwangwaninsa. Baburan da suka ƙare a cikin buhu, ba su zama na tsere ba, ba su koma yadda suke ba, yawancinsu a nan suka maƙale.

Inda zarto ke shiga

Abin da ke sa ido ya gane kafe resa shi ne layi ɗaya miƙaƙƙe daga ƙasan tanki zuwa ƙarshen sirdi, da wutsiya gajera wadda ba ta wuce tsakiyar ƙafar baya sosai ba. Don samun wannan ne ake yanke jelar shasi a liƙa lanƙwasasshen bututu. A nan ne aiki ke wuce ƙarfin tsakar gida. Ba a yanka a gaban inda amortisa ke ɗaure, domin wurin ne ke ɗauke da nauyin mahayi. Walda kuma ta mai gyaran shasi ce, ba ta mai ƙera ƙofa ba. Ɗinkin da ya yi kyau a ido amma bai ratsa ƙarfe ba, ramin farko a hanyar Dakoro zai tona asirinsa. Dole a kuma auna tazarar da ke tsakanin taya da ƙasan sirdi lokacin da amortisa ta nutse gaba ɗaya, in ba haka ba taya za ta riƙa cin sirdin, wata rana ta cije.

Tanki ya fi komai haɗari. Tankin da babu mai a cikinsa ya fi cikakke saurin fashewa, saboda tururin da ke ciki ne ke kama wuta. Duk wanda zai kusantar da walda ko tartsatsi gare shi sai ya wanke shi da ruwa da sabulu sau da yawa, masu hankali ma cika shi suke da ruwa kafin su fara.

Gidon da ake ɗaurewa kai tsaye a jikin ƙafafun gaba shi ne alamar salon. Yana rage yadda kan babur ke juyawa, idan ba a auna ba yana matse babban yatsa a jikin tanki. Bayan an sa shi, a juya kan babur hagu da dama har ƙarshe inji na aiki: idan ƙarar inji ta tashi da kanta, wayar totur na ja, kada a hau. Gardabun gaba kuma ba ado ba ne kawai, ƙarfensa na haɗa ƙafafun biyu don kada su murɗe lokacin birki. Ana iya rage tsawonsa, amma cire shi ɗungurungum ganganci ne. Murfin sarƙa ma haka yake a ƙasar da ake hawa babur da babbar riga da dogon wando.

Sirdi ne wurin da Nijar ba ta bukatar kwaikwayon kowa. Dukawan Damagaram sun gaji aikin fata tun kaka da kakanni, jar akuyar Maradi kuma fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Farantin ƙarfe, soso mai tauri da fatar gida suna ba da sirdin da ba a samunsa a kowane shago na intanet. Fatar akuya ta fi laushi, ta saniya ta fi jure rana, dukansu kuma suna son a riƙa shafa musu mai. A Yamai, kasuwar Katako cike take da maƙera da masu narka sanholo waɗanda za su iya fitar da ƙananan ƙarafan ɗauri idan aka ba su zane da awo.

Landan ba ta da hunturu irin namu

An ƙirƙiro kafe resa don shimfiɗaɗɗiyar kwalta a ƙasa mai sanyi. Yawancin lungunan Maradi da Damagaram rairayi ne. A cikin rairayi mahayi na bukatar faffaɗan gidon da zama a miƙe, nauyi ya koma baya. Kafe resa akasin haka take yi: nauyi a kan ƙafar gaba, hannuwa a matse, ƙafar gaba ta nutse, mahayi ya sha ƙasa. Shi ya sa wanda gidansa ke nesa da kwalta zai fi morewa idan ya bar gidon a sama, ya sa taya mai manyan haƙora, ya riƙe siririn sirdi da tsohuwar siffa.

Sai maganar ƙura. A hotuna, ana cire akwatin matatar iska a maƙala ƴar ƙaramar matata a bakin karbireta don tsakiyar babur ta zama fili. A lokacin hunturu, ƙurar da irin wannan matata ke bari ta wuce tana gurje fistan da zobensa kamar takardar yashi. Ban da haka, iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba, inji ya yi zafi fiye da kima, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Launin buji ne ke faɗin gaskiya: ruwan ƙasa lafiya, fari fat mai ya yi kaɗan, baƙi mai ya yi yawa. Wanda ya canza matata ko salansa dole ya canza jiklar ta dace. Salansar da aka fasa kuwa ƙara kawai take ƙarawa, ba gudu ba, sai dai ta haɗa mutum da maƙwabta da limamin unguwa.

Lissafin aljihu

Kusan ko'ina a duniya masu wannan aiki sun yarda da abu ɗaya: kuɗin da aka zuba ba sa dawowa ranar sayarwa. A Nijar lamarin ya fi tsanani, domin mai sayen tsohon babur yana nemansa ne don kabu-kabu, ko kai yara makaranta, ko ɗaukar kaya. Babur mai wurin zaman mutum ɗaya ba ya yin ko ɗaya daga ciki. Ga gidan da babur ɗin ne kaɗai abin hawa, mayar da shi kafe resa na nufin cire shi daga hidimar gida.

Akwai hanyar rage asara: a fara da abin da ake ɗaurewa da kusa, a ajiye duk abin da aka cire, a bar yanka sai ƙarshe. Doguwar shimfiɗaɗɗiyar sirdi mai ɗaukar mutum biyu tana ba da kusan irin wannan kyau ba tare da an taɓa shasi ba.

Ga ƴan'uwa da ke Faransa, Aljeriya, Abijan ko Kwatano waɗanda ƙanne ke turo wa hoton kayan da suke so, akwai abin lura. Gidon da ba a auna kaurin ƙafafun babur ba kafin a saye shi kan zo ya ƙi shiga. Kuma idan abu ɗaya za a aiko, kaske ya fi cancanta, mai tambarin harafin E a cikin da'ira, shaidar ya cika ƙa'idar ECE 22.05 ko 22.06. Kasken da ya taɓa buguwa a haɗari ya gama aikinsa ko da bai nuna tsaga ba.

Gudu da rai

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, shi ne kuma kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Duk wanda ya taɓa ganin rakiyar amarya da babura a biranenmu ya san ba baƙon labari ba ne.

Kafe resa tana sa mahayi ya ji kamar yana kan filin tsere, alhali birkinsa na ganga ne irin na 1975. A gudun kilomita 100, babur na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ninki huɗu yake yi. A kan babbar hanya ta RN1 ba a san inda jaki, amalanke ko yaro zai ɓullo ba. Gwajin farko wurinsa fili ne marar jama'a, da sassafe, a hankali, a dawo a sake ɗaure kowane kusa.

Duk da haka, aikin ba wasan banza ba ne. Saurayin da ya kwance babur har ƙusa ta ƙarshe ya mayar ya koyi karbireta, wayoyin wuta, awo da haƙuri, ya kuma kai ciniki wurin mai walda, mai fenti da baduku. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma babur da ya kusa tafiya a kilo ya sake shan iska. Ranar da aka turo shi daga zaure yana ƙyalli, yaran unguwa za su kewaye shi, dattijon da ya saye shi tun farko zai gane ƙarar injinsa tun kafin ya leƙo. Uwar gida kuwa za ta dubi ɗan guntun sirdin, tambayarta ta farko ita ce inda za ta zauna ranar da za a kai ta asibiti. Amsar wannan tambaya gara a same ta tun zarto bai taɓa ƙarfe ba.